Ranar da Na Ƙirga wa Baffa Maki Biyar

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har matar da nake sayen ƙosai a wurinta sai da ta ce, "Malama Binta, wai da gaske ne kin tare Alhaji Sule a tasha kin hana shi shiga mota?" Labarin ya riga ni isowa Ƙaraye, kuma kafin ya kai Rogo an ƙara masa gishiri, har ana cewa na ɗaure tsohon da ɗankwalina. Ban ɗaure kowa ba. Bari in ba da shi yadda ya faru, ko na samu in huta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti tsakanin Ƙaraye da Rogo. Gadajenmu shida, likita sai ranar Talata, motarmu ɗaya wadda ta fi sanin garejin bakanike fiye da ƙofarmu. Ba abin da ke ɗaga min hankali a aikin nan kamar mai aman jini. Muna ganinsu da yawa: masu gyambon ciki, masu shan ƙwayar ciwon jiki kamar gyaɗa, da manoman rani waɗanda tsargiya ta daɗe tana cin hantarsu. In aka kawo mutum, tambayar ɗaya ce: a riƙe shi a nan, ko a kai shi Kano yanzu-yanzu? Kano ba kusa ba ce, kuma in ka ce kowa ya tafi, gobe ba mai zuwa wurinka. Da can kwano nake kallo. Jini da yawa, Kano. Jini kaɗan, kwanta nan. Na taɓa riƙe wani manomi ɗan Yammedi saboda abin da ya amayar bai fi cokali biyu ba, ga shi yana ta gaisawa da masu dubiya. Bai kai la'asar ɗin washegari ba, kuma har yau in na tuna shi zuciyata nauyi take yi.

Shi ya sa da takarda ta zo cewa za a yi wa ma'aikatan lafiya na ƙauyuka bita ta kwana goma a wani asibiti da ke bayan garin Maraɗi, a kan wannan matsala, kuma da Hausa za a yi, ban jira an gama karanta ta ba na ce ni ce mai zuwa. Maigidana malamin makaranta ne, ga jarrabawa ta kama, ba halin ya raka ni. Sai Baffa Sule, yayan mahaifina, ya aiko daga Falgore cewa hanyar tasa ce. Shekara da shekaru yana kai mazarƙwaila Nijar yana dawowa da dabino. Dogon mutum ne mai faɗa da dariya a lokaci guda. Gwiwa na damunsa, don haka kullum da safe sai ya kora ƙwaya biyu da shayi kafin ya sa komai a cikinsa. Ƙafafunsa kuma na kumbura, wani likita a Kano ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ya ba shi magani. Baffa ba ya shan wannan maganin ranar tafiya, wai yana sa shi tsayar da mota.

Mun tashi da hantsi. Daga Ƙaraye zuwa Gwarzo lafiya lau, amma a Gwarzo muka tarar ba mai a ko'ina, sai da direba ya bi 'yan bumburutu lungu-lungu ya dawo da galan biyu. Aka cusa mu huɗu a layin tsakiya, ni da Baffa da wani mai kaji da kejinsa a cinya, da wata mata da ta yi barci a kafaɗata tun daga Dayi har Katsina ba tare da ta tambayi sunana ba. Baffa kuwa ya buɗe majalisa. Kafin mu isa ya san garin kowa, ya san wanda ya haife shi, ya kuma gano cewa mai kajin surukin wani abokinsa ne.

A kan iyaka, bayan Jibiya, aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani jandarma siriri ya zaro ma'aunin hawan jini daga jakata, ya juya shi, ya matsa robar, ya ce, "Madam, wannan hwa?" Na gaya masa. Ya dube ni, ya dubi abokan aikinsa, sai kawai ya naɗe hannun riga ya zauna a kan benci. Na auna shi. Kafin in kwance, wani ya zauna, sai na duwan, wato kwastan, sai mai share ofis. Mutum bakwai na auna a ƙarƙashin bishiya, mota tana jira, fasinjoji suna tsaki. Babbansu jininsa ya hau sosai, na ce ya rage gishiri ya je asibiti. Ya buga min hatimi a takarda da ƙarfin da na ji tsoron za ta yage, sannan ya sa aka kawo mana ruwan sanyi.

Masaukinmu gidan wani abokin fataucin Baffa ne. Matarsa, Hajiya Rabi, ta ba ni ɗakin 'yarta, ta kuma ɗauki alkawarin sai na yi ƙiba kafin in tafi. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai ɓawo da ke yanka dasashi, da shayi da madara. Da rana kwaɗon zogale wanda ya sha ƙuli da albasa har ya fi namu, ko da yake ban faɗa mata ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da azahar garin rufewa yake yi. Ofis a kulle, kanti a kulle, kowa ya tafi gida ya kwanta sai wajen la'asar. Ranar farko na zaci rasuwa aka yi. Hajiya Rabi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ku mutanen Najeriya, wa ke korar ku ne?"

Mu goma sha biyu ne a bitar, rabi daga ɓangarenmu, rabi daga nasu. Mai koyar da mu Dakta Lawali, wani gajere mai furfura a gemu wanda ba ya ɗaga murya. Ranar farko na sha kunya. Ya ce wata abokiyar karatunmu 'yar Nijar ta auna wani majiyyaci, ta ce, "Tara." Na miƙe tsaye na ce ai mai awon jini tara gawa ne. Ashe su sifiri suke yankewa, abin da muke kira casa'in shi ne tara a wurinsu. Daga ranar suka sa min suna Madam Tara.

A rana ta biyu ya raba mana wani kati da bai fi tafin hannu ba. Ya ce wasu likitocin Ingila ne suka bi labarin masu aman jini da yawa, suka duba su wa suka tashi, su wa jinin ya sake ɓalle musu, su wa suka rasu, sannan suka fito da wannan ƙirga. Abu uku ake dubawa tun kafin a leƙa cikin mutum. Na farko shekaru: ƙasa da sittin ba maki, daga sittin maki ɗaya, daga tamanin maki biyu. Na biyu yadda jini ke gudu: in bugun hannu ya wuce ɗari a minti ɗaya, maki ɗaya, in kuwa awon jini na sama ya faɗo ƙasa da ɗari, maki biyu maimakon ɗayan. Na uku tsohuwar cutar da mutum ke ɗauke da ita: ciwon zuciya maki biyu, hanta ko ƙoda da suka gaza, ko ciwon daji da ya bazu, maki uku. A haɗa. Iyakar yawan makin, iyakar kusancin mutum da haɗari.

Na ɗaga hannu na ce, "Dakta, ina wurin da ake rubuta yawan jinin da ya amayar?"

Ya ce, "Babu shi, Madam Tara. Wanda ke cikin kwano ya riga ya hita. Mu abin da muke tambaya, jikin da ya rage, za ya iya ɗaukar wata asarar?"

Ban yarda ba sai da ya kai mu ɗakin majiyyata. A gadon farko wani saurayi ne da ya cika tasa da jini, danginsa suna ta salati a bakin taga. Muka ƙirga: shekara ashirin da 'yan kai, bugun hannu tamanin da takwas, awo lafiya, ba wata cuta. Sifiri. A gadon ƙarshe wata tsohuwa ce zaune tsaf, ta ɗaura ɗankwali, tana tambayarmu mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Makinta shida. Dakta Lawali ya sa aka dawo da ita kusa da teburin ma'aikata, aka tanadi jini. Kwana biyu bayan nan saurayin yana cin tuwo, ita kuwa jinin ya sake ɓalle mata, kuma don an shirya ne aka same ta. Ya bar mu muka leƙa ta bututun da ake zura wa mutum ta baki, na ga gyambon da idona, ɗan rami da ɗigon ja a tsakiya. Abin da aka gani a nan ma yana da nasa makin da ake ƙarawa, amma wannan aikin manyan asibitoci ne.

Ya gargaɗe mu ƙwarai kada mu mai da katin liman. Ya ce sifiri ba ya nufin a sallami mutum ya tafi gona, musamman irin manomanmu masu tsargiya, waɗanda jijiyar maƙogwaro kan fashe musu ba sallama. "Katin ba shi da ido," in ji shi. "Ku ke da ido. Shi dai amfaninsa, ba ya jin kunyar kowa."

Kwana goma suka cika. Hajiya Rabi ta cika min jaka da kilishi da turaren wuta, Baffa ya ɗaure buhun dabinonsa biyu, muka kamo hanya da sassafe. Yana sauri, domin an aiko masa cewa washegari sunan jikansa na farko ta wajen ɗa namiji, kuma an ce sunansa za a sa wa yaron. Na lura tun daga iyaka majalisarsa ba ta buɗe ba. Na ɗauka gajiya ce.

Mun iso tashar Katsina da azahar, muka samu motar Gwarzo saura mutum biyu ta cika, aka ɗora kayanmu. Baffa ya ɗauki buta ya zaga, ya daɗe, ya dawo, ya sake zagawa. Da ya tsuguna zai yi alwala a bayan wata rumfa, na ga ya sunkuya ya yi amai kaɗan, ya yi maza ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe. Amma na riga na gani. Baƙi ne, kamar dusar shayin da ta kwana a tukunya.

Na je na durƙusa. "Baffa, me na gani?"

"Goro ne. Tashi mu tafi."

Na kama wuyan hannunsa, sanyi ƙalau ga gumi. Ya fizge. "Ke 'yar Garba, ni za ki yi wa aikin asibiti a tsakiyar tasha?"

"Minti ɗaya kawai, Baffa. Don Allah."

Ya bar ni, yana kallon wani wuri kamar hannun ba nasa ba ne. Na ƙirga da agogona, ɗari da goma sha shida. Na zaro ma'auni na ɗaura masa a kan hannun riga, mutane suka fara taruwa. Casa'in da biyu.

Saura tambaya ɗaya da nake bukata don in san tun yaushe jinin ke zuba, kuma tambaya ce da 'ya ba ta yi wa ubanta a garinmu. Ni da ko sunansa ba na faɗa. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, ka gafarce ni. Bayan gidanka baƙi ne kamar kwalta?"

Direba, da ya matso don ya ce mu shiga, ya ce, "Subhanallahi," ya ja da baya. Baffa ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗaga yatsu uku a kan gwiwarsa, bai dube ni ba. Kwana uku kenan, yana cin abinci tare da mu yana ba da labari.

Na ce, "Shekarunka nawa?"

"Hamsin."

Mahaifina ya yi aikin gwamnati, takardar ritayarsa na cewa ya haura sittin, kuma tsakaninsa da Baffa akwai mutum biyu. Na ba shi ɗaya na shekaru, biyu na awon jini, biyu na zuciya. Biyar. Ban ma buɗe katin ba.

Na miƙe na ce wa direba ya sauke mana kaya.

Ya ce, "Haba Hajiya, ai dattijo ya ce da sauƙi. In sha Allahu kafin magariba kuna gida."

Na ce, "Malam, duk wanda na rasa a aikin nan, da sauƙi ya ce min."

Baffa ya ɗaga murya, irin muryar da ke sa 'ya'yan gidanmu shiga ɗaki. "Gobe sunan takwarana. An sayi rago, an raba goro. Ki kai ni gida, in ya so jibi ki kai ni duk inda kika ga dama. In ma mutuwa ce, a ɗakina nake son ta."

Gaskiya na tsorata. Ban taɓa mayar masa da magana ba tun da aka haife ni, kuma na san in na tsare shi ya zamana ba komai, na shiga uku a dangi har abada. Amma na san hanyar. Daga Dayi zuwa Gwarzo ba inda za a ƙara wa mutum jini, kuma ko mun isa, asibitina ma ba shi da shi. Na kuma san ƙirgata daidai ce. Na jawo buhun dabino ɗaya daga but ɗin motar da hannuna, na zauna a kai, na ce, "Baffa, duk hukuncin da za ka yi min in mun koma na ɗauka. In ka so ka ce kada in ƙara taka gidanka. Amma motar nan ba da kai za ta tashi ba."

Ya yunƙura ya miƙe don ya ɗauki jakarsa da kansa. Ya yi taku biyu, idonsa ya juya, ya dafa ƙofar mota ya sulale ya zauna a ƙasa. Direba ya nufi bayan motar. Shi ya sauke sauran kayan, shi ya kira tasi, ya kuma karɓi saƙona zuwa ga wani mai shago a Gwarzo da zai aika Falgore.

A asibiti ban tsaya dogon bayani ba. Na ce wa likitan da ke aiki, "Aman jini, kwana uku yana baƙin bayan gida, ya haura sittin, ciwon zuciya, bugu ɗari da sha shida, awo casa'in da biyu." Ya dube ni, ya dubi Baffa da ke ƙoƙarin gaishe shi da tambayar iyali, ya ce a ba shi gado kusa da ƙofa, a sa ruwa a hankali saboda zuciyar, a duba rukunin jininsa. Nawa ya dace da nasa. Ina kwance ana ɗiba, Baffa yana can yana gaya wa na gadon kusa cewa 'yar ƙaninsa ce ta je Nijar ta koyo rashin kunya.

Bayan la'asar kaɗan jinin ya ɓalle. Ja wur, ya cika tasa, ya ɓata gado, Baffa ya tafi luu kamar ba zai dawo ba. Allura tana hannunsa, jini yana rataye, likita yana kusa. Ina tsaye ina riƙe da ƙafarsa na dubi agogo, na lissafa inda motarmu take a lokacin. Ba ta kai Dayi ba. A nan na fita baranda na yi kukan da ban yi ba a tasha.

Allah ya tashe shi. An yi suna ba shi, aka sa wa yaro Sulaimanu. Kwana biyu Baffa bai yi min magana ba. In na kawo kunu sai ya karɓa daga hannun wani, in na zo duba shi sai ya tura hannu cikin bargo ya juya wa bango fuska. Ban yi fushi ba. Wanda ke da ƙarfin yin gaba yana samun sauƙi.

A rana ta uku babban ɗansa ya iso daga Falgore da naman suna a ƙullin takarda. Ina jin su daga bakin ƙofa. Baffa ya tambaye shi wa ya yi wa yaro addu'a, wa ya zo, wa bai zo ba. Sannan ya nuna ledar jinin da aka gama ƙara masa, ya ce, "Wannan na wane ne? A nemo mutumin in yi masa godiya."

Ɗan ya ce, "Ai na farkon na Yaya Binta ne."

Na shiga da agogona a hannu, na tsaya nesa kaɗan kamar yadda na saba a kwana biyun nan. Baffa ya goge ido da gefen bargo, ya yi kamar wani abu ne ya faɗa masa. Sannan ya zaro hannunsa, ya naɗe rigar da kansa, ya miƙo min.

"Zo, uwata," in ji shi. "Zo ki ƙirga."

Na kama wuyan hannun. Da ɗumi. Sai da na sake farawa sau biyu, don idona ba ya ganin agogon sosai. Tamanin da huɗu.